Darasi na 7: Sabara da Yadda Ake Renonta a Gona

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran kowane ɗalibi zai iya:

1. gane sabara ta ganyenta da furenta da 'ya'yanta, ya bambanta ta da geza;
2. bayyana abin da saiwarta ke yi wa ƙasa da gero;
3. ƙidaya sabarar da ke gonarsa, ya san ko ta isa;
4. sassabe ta yadda amfaninta zai tsaya a gona;
5. ƙara yawanta ta hanyar binne reshe ko shuka iri.

1. Itacen da kowa ya sani

Wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega da rani, ta wajen Dogon Daji da Tambuwal, ko ya ratsa ƙauyukan Kebbe, zai ga gonaki fetal, an kwashe kara, ciyawa ta bushe, amma ga wasu 'yan duhuwoyi masu ganye toka-toka sun watsu ko'ina. Sabara ke nan. Ba wanda ya shuka ta, ba mai ba ta ruwa. Da bazara manomi ya zo da adda da gatari ya sassabe ta ƙasa-ƙasa, ya tara, ya cinna wuta. Kafin a yi maimai ta sake tohowa. Haka ake yi da ita shekara da shekaru.

Da yawa daga cikinmu mun taso muna jin ana cewa sabara alamar gonar da ta gaji ce. Akwai gaskiya a maganar, don ta fi yawa a jigawa da saurar da aka daɗe ana nomawa. Inda ake kuskure shi ne ɗora mata laifin gajiyar. Manyan itatuwa ne gatari da wuta da fari suka cinye, ita kuwa ta jure ta saura. A wannan darasi za mu ga cewa ƙasar gindinta ta fi ta sarari ƙarfi, kuma manomin da ya iya zama da ita yana da abin jingina a shekarar da ruwa ya yi gardama.

> Akwatin kalmomi na 1
> Itacen duhuwa: itacen da ba shi da gangar jiki guda, rassansa da yawa suna fitowa tare daga gindi, kuma bai cika yin tsawo ba.
> Kututture: gindin da ke saura a ƙasa bayan an sare itace.
> Toho: sabon reshe da ke fitowa daga kututture.
> Dangi: rukunin tsirran da ginin furensu da 'ya'yansu ya yi kama da juna.

2. Jikin sabara

Masana tsirrai suna kiranta *Guiera senegalensis*, sunan da aka rubuta mata tun 1791. Danginta ɗaya da geza da taramniya da marke da baushe. Tana fitowa a doguwar shimfiɗar ƙasar da ke kudu da Sahara, tun daga Senegal da Muritaniya, ta Mali da Burkina Faso da Nijar da arewacin Najeriya, har Chadi da Sudan. Tsawonta mita ɗaya zuwa uku ne. Idan aka ƙyale ta shekaru ba sara takan wuce haka.

Ganye. Ku tsinko reshe ɗaya ku duba. Ganyayen suna fitowa bibbiyu, wannan na fuskantar wancan. Kowanne bai cika wuce santimita uku zuwa biyar ba, wato kusan tsawon gaɓa biyu na yatsa, kuma da ɗan tsini a ƙarshensa. Ku shafa za ku ji laushi, saboda gashi ne ƙanana ya lulluɓe shi ciki da baya. Wannan gashin ne ya ba ta launin toka, shi ne kuma ke rage zafin rana da bugun iska a kan ganyen, ruwan cikinsa ya daɗe bai ƙafe ba. Ku juya bayan ganyen: akwai ɗige-ɗige baƙaƙe. Da su kaɗai ma ana gane sabara.

Fure. Mutane da yawa sun tsufa suna sare sabara ba su taɓa tsayawa sun kalli furenta ba, alhali abin kallo ne. Abin da ido ke gani kamar fure guda, ɗan dunƙule mai ruwan ɗorawa da sirkin kore wanda bai fi kan babban yatsa ba, taron furanni ne ƙanana masu yawa a kan sanda ɗaya. Kafin su buɗe, wasu 'yan ganyaye huɗu ne ke rufe da su. Kowane ɗan fure yana da fiffike biyar sirara, da zare goma da suka leƙo waje ɗauke da garin fure. A ƙasan waɗannan akwai ɗan kumburi, nan ne iri ke ƙulluwa. Ƙudan zuma da sauran ƙwari su ke ɗaukar garin daga wannan fure zuwa wancan, in babu su iri ba ya ƙulluwa da kyau. Ta fi yin fure daga ƙarshen damina zuwa cikin rani, lokacin da furanni suka yi ƙaranci a daji, shi ya sa mai ajiye amya ya kamata ya fi kowa kishinta.

'Ya'ya. Bayan fure ya kaɗe sai 'ya'ya su fito a tare a kan sandar nan, sirara, tsawon santimita uku zuwa huɗu, sun baje kamar ƙafafun gizo-gizo. Gashi mai sheƙi ya rufe su, da ɗan ja-ja suna ɗanye, in sun bushe ya koma fari-fari. Ƙwayar iri ɗaya ce a cikin kowane ɗa.

A kan wasu rassan za ku ga ƙulli-ƙulli masu tauri. Ƙwaro ne ya yi ƙwai a wurin, itacen ya kumbura ya kewaye shi. Kada a ɗauke su iri a je a shuka.

Bambancinta da geza. Ganyen geza kore ne mai santsi, da rani ya koma ja-ja ya bushe. Ɗanta yana da fiffike huɗu, ba gashi. Geza ta fi son tudu mai marmara da tsakuwa, sabara ta fi son yashi. A Senegal da Mali ganyen gezar nan ake dafawa a sha kamar shayi.

3. Aikin da ake yi a ƙarƙashin ƙasa

Abin da ke sama ƙaramin rabo ne na sabara. Babban jikinta yana ƙasa, shi ya sa sara ba ta kashe ta. Saiwarta iri biyu ce. Akwai masu nutsawa mita da yawa har su tarar da danshin da ba ya ƙafewa da rani. Akwai masu bazuwa gefe-gefe kusa da saman ƙasa, daidai inda saiwar gero take.

Ga abin da ke faruwa tsakanin su biyun. A jikin kowane ganye akwai ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Da rana suna buɗe, ruwa na fita ta cikinsu ya bi iska, itacen kuma yana ta jawo wani daga ƙasa. Da dare ƙofofin sun rufe. Ruwan da saiwar zurfi ta ɗauko bai da hanyar fita ta sama, sai ya bi saiwar gefe, ya tsatso cikin busasshiyar ƙasar da ke kewaye da ita, don ruwa kullum daga wuri mai danshi yake tafiya zuwa busasshe. Gari na wayewa sabara ta sha wani, geron da ke kusa ya sha wani.

An gwada wannan an gani. A ƙauyen Keur Matar Arame kusa da birnin Thies a Senegal, masana na ƙasar tare da Farfesa Richard Dick na Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun shafe fiye da shekara goma suna noma gero da gyaɗa a filaye iri biyu, wasu da sabara, wasu an tumɓuke ta. A wani gwaji da aka buga sakamakonsa a 2018, sun yanke wa gero ruwa da gangan don su ga yadda zai yi da fari. Sannan suka ba saiwar zurfi ta sabara wani irin ruwa da na'ura ke iya bambanta shi da ruwan yau da kullum. Cikin 'yan sa'o'i zuwa 'yan kwanaki sai ga alamar ruwan a jikin geron da ke gefe. Da aka auna nauyin kara da ganye, geron da ya tashi tare da sabara ya ninka wanda ya tashi shi kaɗai fiye da sau tara.

A lura da kyau. Filayen nan sabara ce a cikinsu kusan 1,500 a hekta guda, alhali gonakin manoman yankin ba su cika wuce ɗari biyu zuwa ɗari uku da wani abu ba. Kuma shekaru aka yi ana mayar wa ƙasa ganyen, ba a ƙonawa. Wanda ya bar sabara goma a gonarsa bana ba zai ga ninki tara baɗi ba. Abin da gwajin ya tabbatar shi ne hanyar tana aiki, kuma yawan sabarar da daɗewar kulawa su ke kawo riba.

Ruwa ba shi kaɗai ba ne. Da hunturu iska na kwasar ƙura mai laushi, wadda ita ce mafi albarkar ƙasa, in ta bugi duhuwar sabara sai ta zube a gindinta. Ganye ya kaɗe ya taru a nan. Awaki da tumaki su zo neman inuwa su bar kashi. Gara ta ja ganyen cikin ƙasa, ta bar ramukan da ruwan sama zai bi. Shi ya sa gindin tsohuwar sabara yakan yi ɗan tudu, ƙasarsa ta fi duhu. A yammacin Nijar wani masani mai suna Alexander Wezel ya auna gonakin manoma, ya buga a 2000 cewa geron da ke kusa da sabara ya fi na nesa da ita yi. Duk manomin da ke lura ya san wannan da idonsa.

Abu ɗaya ne ba ta yi. Wake da gyaɗa da gawo suna da ƙulli a saiwarsu da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska. Sabara ba ta da shi. Tarawa take yi da tsarewa. Don haka ba ta ɗauke wa gona bukatar taki, sai dai ta sa takin da aka zuba ya zauna ya yi aiki.

> Akwatin kalmomi na 2
> Garin fure: ƙurar da ƙwari ke ɗauka daga fure zuwa fure don iri ya ƙullu.
> Ɗagowar ruwa: yadda saiwar zurfi ke kawo ruwa da dare, saiwar gefe ta sake shi a ƙasar sama.
> Ruɓaɓɓen ganye: ganye da ƙananan rassan da suka narke suka zama ƙasa, su ke sa yashi ya riƙe ruwa da taki.
> Hekta: fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100.

4. Amfaninta a gida

Wannan kun fi littafi saninsa. Itacenta na girki, rassanta na shinge. Raƙuma da awaki suna cin ganyenta da rani in kore ya ƙare, ko da yake baurinsa ba ya barin su ci da yawa. Makiyaya suna turara ta a garke hayaƙin ya kori ƙuda. Ana dafa ganyen don tari da ciwon ciki da gudawa, ana kuma yi wa masu jego amfani da shi. Masu binciken magunguna sun sami sinadarai a cikinsa da ke hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa a ɗakin gwaji.

Amma ina roƙon iyaye mata da maza su riƙe wannan: yaron da ke gudawa ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe shi, kuma cikin gaggawa take yi. A fara ba shi ruwan gishiri da sukari, a kai shi asibiti. Kada a zauna jiran tafasar sabara. Haka tarin da ya wuce mako biyu, gwaji yake bukata.

5. Sabara nawa ce a gonarka?

Kafin a gyara abu sai an san yawansa. Ba sai an bi gona duka ana ƙirga ba.

Misali na 1. A ɗauka wani manomi a Barkeji yana da gona hekta guda. Ya sami igiya mai tsawon mita 10. Ya auna fili mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, ya kafa tsinke a kusurwa huɗu. Irin wannan fili guda 100 ne ke cika hekta. Ya yi haka a wuri uku da ke nesa da juna, yana ƙirga kututturen da ke da rai.

Wuri na farko: 4. Na biyu: 2. Na uku: 3.
Jimla: 4 + 2 + 3 = 9.
Raba uku: 9 ÷ 3 = 3.
Hekta guda: 3 × 100 = 300.

Gonarsa tana da sabara wajen 300. Ba laifi, amma da sauran wuri. A kula kada a zaɓi inda ta fi yawa kaɗai, lissafin zai yi ƙarya.

6. Sassabe iri biyu

Sassabe dole ne. Sabarar da aka bari ta yi tsawo a tsakiyar gero za ta yi masa inuwa, kuma gero ba ya son inuwa. Maganar ita ce yadda za a sare, da abin da za a yi da abin da aka sare.

Hanya ta farko: a sare duka, a baza. Ita ce aka bi a Senegal. Gab da faɗuwar ruwa a sare rassan dab da ƙasa da adda mai kaifi. A ware masu kauri a kai gida don girki. Ganye da ƙananan rassa a daddatsa su gajeru-gajeru, a baza kewaye da kututturen da tsakanin layuka. In da hali a ɗan rufa su da ƙasa da kalme don kada iska ta kwashe. Idan toho ya taso yana neman rufe gero, a sake rage shi lokacin noman farko ko na maimai, a bar shi nan ya ruɓe. Bayan girbi a ƙyale ta ta girma, ta tsare gonar duk tsawon rani.

Wuta ita ce babbar asara. Na san dalilin yin ta: tana da sauri, gona ta yi fes, toka kuma taki ce. Amma naitirojin da ke cikin ganyen hayaƙi yake bi ya tafi, haka abin da zai ruɓe ya riƙe ruwa. Tokar da ta saura, guguwar farkon damina ta ɗebe rabinta. Manomi ya yi shekara guda itace na tara masa abinci daga zurfin ƙasa, ya zo ya ƙone shi a yini ɗaya.

Hanya ta biyu: a bar 'yan rassa. Wannan daga Maraɗi ta bazu, can ana ce mata sassaben zamani. A 1983 wani ma'aikacin gona ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, wanda ya sha wahalar dashen itatuwan da ke mutuwa, ya lura cewa 'yan tohon da ake sarewa kowace bazara itatuwa ne masu rai da cikakkiyar saiwa a ƙasa. Bayan farin 1984 manoma da dama suka gwada barinsu. Sabara da kalgo da magarya da gawo na cikin waɗanda suka tashi. Masu auna ƙasa da hotunan sama sun ƙiyasta cewa fili wajen hekta miliyan biyar ya farfaɗo a kudancin Nijar ta wannan hanya, mafi yawansa a yankunan Maraɗi da Damagaram. Hausawa ne irinmu suka yi aikin, da gero irin namu, a ƙasar da ta fi tamu ƙarancin ruwa.

Yadda ake yi: a duba kututture, a zaɓi rassa uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a sare sauran. Waɗanda aka bari a share musu ƙananan rassan gefe har zuwa rabin tsawonsu. A riƙa kai sara daga ƙasa zuwa sama, don in aka saro daga sama ɓawon yakan ɓare ya bi jikin reshen.

Misali na 2. Wata mata a Sanyinna tana da 'yar gona bayan gari mai kututture 40. Ita da 'ya'yanta sun bar rassa biyar a kan kowanne: 40 × 5 = 200. Kowace shekara tana sare mafi kauri guda ɗaya daga kowane kututture, ta bar sabon toho guda ya maye gurbinsa. Tana samun sanda 40 masu kauri a shekara, ban da ƙananan da ake sharewa, kuma 200 ɗin nan ba su ragu ba. Tafiyar neman itace ta ragu mata.

Wace hanya ta fi? A ganina manomi ya haɗa su. A tsakiyar gona, inda ake son gero ya sha rana, a bi ta farko. A kan iyaka da gefen hanya da bakin kwazazzabo a bi ta biyu. Wanda ba ya son duhuwa mai tsawo kusa da gari saboda halin tsaro, ta farko ta ishe shi, don aikin saiwa ba ya bukatar tsawon reshe.

7. Yadda ake ƙara yawanta

Binne reshe. Ita ce hanya mafi sauƙi, ba ta cin ko sisi. Sabara da kanta takan yi haka in yashi ya rufe reshenta, kuma masu binciken daji a Burkina Faso sun gwada sun ga tana kamawa sosai. Ana yi ne in damina ta kankama, wajen watan Yuli, ƙasa ta jiƙe.

A zaɓi reshe matashi mai tsawo da ke lanƙwasuwa ba ya karyewa. A haƙa ɗan rami mai zurfin tafin hannu a inda zai kai. A tsige ganyen tsakiyarsa, a kwantar da wurin cikin ramin, a rufe da ƙasa, a danne da dutse ko a kafe shi da ƙaramar gwafa. Kan reshen da ganyensa ya kasance a waje yana kallon sama. Uwar ce ke ciyar da shi har ya yi tasa saiwar. Kada a yi gaggawar yanke shi daga jikinta. A bari sai damina ta zagayo, sannan a datse tsakani, a bar shi nan ko a ɗauke shi da ƙasarsa a dasa inda ake so.

Misali na 3. Manomin Barkeji mai sabara 300 ya binne rassa biyu daga kowacce: 300 × 2 = 600. A ɗauka ɗaya cikin uku bai kama ba: 600 ÷ 3 = 200 sun mutu, 400 sun rayu. Yanzu yana da 300 + 400 = 700. In ya sake yi a damina mai zuwa zai haura dubu.

Shuka iri. Wannan don gonar da aka riga aka tumɓuke ne, ko faƙon da ba komai. A tsinko 'ya'yan da suka bushe a kan itacen, a ajiye a inuwa inda ba danshi. Wata uku ko huɗu kafin damina a cika leda da ƙasa kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, a huda ƙasan ledar. A jiƙa irin ya kwana, a sa biyu ko uku a kowace leda, don ba duka ke tsirowa ba. A riƙa ba da ruwa safe da yamma, a tsare daga kaji da awaki. In sun tsiro a bar mafi ƙarfi. A dasa bayan ruwa mai yawa, a yage ledar a cire ta. Ranin farko shi ne mai wuya. A kewaye dashen da ƙaya. Malamin gona ko ma'aikatan gandun daji na ƙaramar hukuma za su iya nuna yadda ake haɗa ƙasar leda. Sakkwato tana cikin jihohi 11 da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ya shafa a Najeriya, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, saboda haka tambayar irin itatuwan gida a wajensu ba roƙo ba ne.

Tsarin layi. Babban ƙorafin masu garmar shanu shi ne kututture na tare hanya, yana karya haƙorin garma. Ƙorafi ne na gaskiya, kuma shi ya sa ake tumɓuke ta. Maganinsa a jera sababbin a layi.

Misali na 4. A bar mita 4 tsakanin layi da layi, mita 2 tsakanin itace da itace. Layuka a hekta: 100 ÷ 4 = 25. Itace a kowane layi: 100 ÷ 2 = 50. Jimla: 25 × 50 = 1,250. Shanu suna bin tsakanin layukan ba abin da ya tare su. A shimfiɗaɗɗiyar gona layin ya miƙe daga kudu zuwa arewa, ya tari iskar gabas da ke zuwa da hadarin farko tana binne ƙaramin gero da yashi. A gangare kuwa layin ya gitta, ya tare gudun ruwa.

Akwai sauran matsaloli. Tsuntsaye kan sauka a kan rassan da aka bari lokacin da gero ya yi ido, maciji kan fake a duhuwar da ba a share gindinta ba. Mafi wuya ita ce ta mutane: ka reni rassa shekara biyu, wani ya zo da rani ya sare. A Maraɗi ma sai da ƙauyuka suka zauna suka yi doka a tsakaninsu, da sanin masu gari da makiyaya, kafin abin ya tsaya. Wanda zai fara, ya fara da magana da maƙwabtan gonarsa da mai unguwa.

> Akwatin kalmomi na 3
> Sassaben zamani: barin 'yan rassa masu ƙarfi a kan kututture a rene su, a sare sauran.
> Binne reshe: kwantar da reshe a ƙasa yana manne da uwarsa har ya yi saiwa.
> Dashe: ɗauke ƙaramin tsiro daga inda aka rene shi zuwa inda zai zauna.

Tambayoyin bita

1. Kawo alamu uku da ake gane ganyen sabara da su.
2. Fiffike nawa da zare nawa ke cikin ɗan furen sabara guda? Mene ne aikin ƙudan zuma a kansa?
3. Ta yaya za ka bambanta ɗan sabara da ɗan geza?
4. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa da dare ne saiwar gefe ke sakin ruwa.
5. Me masana suka gano a Keur Matar Arame? Me ya sa ba kowace gona ce za ta ga irin sakamakon nan da nan ba?
6. Me gona ke rasawa idan aka ƙone abin da aka sassabe?
7. Wani ya ƙirga 5 da 6 da 4 a filaye uku masu mita 10 tsawo da faɗi. Sabara nawa ce a hektarsa?
8. Idan aka bar mita 5 tsakanin layuka, mita 2 tsakanin itatuwa, nawa hekta guda za ta ɗauka?
9. Jera matakan binne reshe daga farko zuwa ƙarshe.
10. Yaro yana gudawa. Me za a fara ba shi, kuma ina za a kai shi?

Aikin gida: Ku kasu uku-uku. Kowane rukuni ya ɗebo ƙasa cikin tafin hannu daga gindin tsohuwar sabara, da wata daga sarari taku goma nesa da ita. Ku kawo su aji a mazubi daban-daban, tare da reshe mai fure ko mai 'ya'ya, ku rubuta bambancin launi da laushin da kuka gani.